Tiro: Bawan da Hannunsa Ya Cim ma Harshe

Ranar 7 ga watan Nuwamba, shekara ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani babban mutumin Rum da ke kan hanyar komawa gida a jirgin ruwa ya rubuta wa mutum ɗaya wasiƙa har uku tsakanin safiya da almuru. Biyu a Lukas ya rubuta su, ta ukun kuma da jirgin ya yada zango a Aktiyum, duka a gaɓar yammacin ƙasar Girka. Mai rubutun shi ne Markus Tuliyus Sisero, lauyan da duk Rum ba wanda ya kai shi iya magana, tsohon shugaban gwamnati, yana dawowa bayan ya yi shekara guda yana gwamnan lardin Kilikiya, a kudancin Turkiyyar yau. A gida kuwa ƙasa na dab da kamawa da wuta, don wata biyu bayan haka Yuliyus Kaisar ya shigo Italiya da sojojinsa, yaƙin basasa ya ɓarke. Mutum zai zaci wasiƙun nan uku a kan wannan suke. A'a. A kan wani majinyaci ne da aka baro a garin Fatras, da likitansa, da romon da aka ba shi.

Sisero ya ce ya ji ana yabon likitan, amma shi bai gamsu da aikinsa ba, don bai ga dalilin ba mai ciwon ciki romo ba. Ya ce kada a ji ƙyashin kashe ko nawa ne, ya riga ya gaya wa wani ɗan kasuwa amininsa mai suna Kuriyus ya ba da duk abin da aka nema, a kuma ɗan saka wa likitan wani abu a hannu don ya ƙara himma. Ya jero hidimomin da majinyacin ya yi masa, a gida da kotu, a birni da lardi, a harkarsa ta kansa da ta gwamnati, a karatu da rubutu, ya ce ba su ƙirguwa, amma wadda za ta fi su duka ita ce ya gan shi ya miƙe da ƙarfinsa. Ko da ya isa Italiya bai daina ba. Ya yi masa faɗa saboda ya halarci wasan kiɗa na mai masaukinsa bai gama warwarewa ba, ya kuma gargaɗe shi kada ya biye wa gaggawar masu jirgi, don su kuɗi ne a gabansu, teku kuwa a lokacin sanyi ba ta da amana.

Sunan majinyacin Tiro. A harshen Latin ma'anar sunan kurtu, wato sabon shiga soja. Shekara uku kafin wannan rana, a idon dokar Rum shi dukiya ne kamar gona ko alfadari, ubangidansa na iya kai shi kasuwa a yi cinikinsa. A gidan Sisero ya tashi tun yana yaro, a can aka koya masa karatu irin na 'ya'yan manya, Latin da Girkanci. Shi ne mutumin da ake jingina wa ƙirƙiro rubutun gaggawa a Rum, wato rubutu da alamomi wanda hannu ke iya bin baki da shi yana magana.

Kafin a zo ga wannan, sai an san dalilin da ya sa alƙalami ya zama kayan aikin bayi. Babban Barume yana ganin aikin da ake biyan mutum lada a kansa ƙasƙanci ne, ko da aikin rubutu ne. Shi nasa tunani da magana. Sannan yaƙe-yaƙen da Rum ta ci a ƙasashen Girkawa sun cika kasuwanninta da kamammu masu ilimi, har manyan gidaje suka koyi horar da yaran bayinsu da kansu. An ce a gidan Atikus, aminin Sisero, ko yaron da ke bin maigida a baya ya iya karatu da kwafe littafi, kuma duk haihuwar gidan ne. A irin wannan gida akwai mai karanta wa maigida littafi yana cin abinci, akwai mai kwafewa, akwai mai riƙe lissafi, akwai mai kai wasiƙa, sannan akwai wanda suke kira bawan hannu. Shi ne magatakarda. Yana zaune kusa da allunan katako da aka shafe da kakin zuma, da ɗan tsinken ƙarfe mai tsini a gefe ɗaya don rubutu, faffaɗa a ɗaya gefen don shafewa. Maigida na faɗa yana kartawa, daga baya a mayar a takardar da ake kawowa daga Masar.

Tiro ya wuce nan da nisa. Wasiƙun Sisero sun nuna shi yana tsara ɗakin littattafai, yana bin masu bashi, yana cinikin hayar lambu da mai lambu, yana shirya ɗakin cin abincin baƙi, yana tsayawa kan masu kwafe littafi ya warware musu inda rubutun maigida ya gagare su karantawa. Sisero ya kira shi ma'aunin rubuce-rubucensa. Wata rana da Fomfi, babban jarumin Rum, ya sauka gidansa ya nemi ya karanta masa wani sabon abu, sai Sisero ya ce masa idan Tiro ba ya nan komai nasa bebe ne.

To, matsalar magatakarda guda ce tun fil azal: baki ya ninka hannu sauri sau huɗu ko biyar. Idan maigida ne ke shifta a ɗaki, sai ya jira. Amma mai jawabi a majalisa ko a kotu ba ya jiran kowa. Rumawa sun daɗe da sanin taƙaita kalma, kamar a rubuta harafin M shi kaɗai a ce Markus ke nan. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san irin wannan, inda harafin sad ke nufin nassi, harafin shin kuma sharhi. Sai dai taƙaitawa kaɗai ba ta isa ta kamo mutum yana zuba ba. Wata dabarar da aka ruwaito ita ce a jera marubuta da yawa su raba jawabin tsakaninsu, kowa ya kama rabonsa, daga baya a haɗa.

Ranar da tarihi ya fara ganin sabuwar hanya ita ce 5 ga Disamba, shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar Sisero ne konsul, ɗaya daga cikin shugabanni biyu da Rumawa ke zaɓa kowace shekara. Ya bankaɗo makircin wani mai suna Katilina na kifar da gwamnati, an kama mutum biyar daga cikin manyan masu hannu a ciki, Majalisar Dattawa ta zauna a haikalin Konkodiya don yanke musu hukunci, masu makamai na gadi a waje. Kaisar ya tashi ya ce kada a kashe su, a ƙwace dukiyarsu a tsare su a garuruwan Italiya, ya kuwa kusa jan majalisar duka. Sai wani matashi ɗan shekara 32 mai suna Kato ya miƙe ya yi magana mai zafi har ya juyo da ita. A daren aka shaƙe mutanen biyar a kurkuku. Fulutak, marubucin tarihi Bagirke wanda ya zo fiye da shekara ɗari bayan haka, ya ce a duk jawaban Kato wannan kaɗai aka adana, domin Sisero ya sa an koya wa marubuta masu saurin hannu wasu alamomi ƙanana, gajeru, kowace tana ɗauke da nauyin haruffa da yawa, ya rarraba su a sassan zauren. Ya ƙara da cewa kafin wannan rana Rumawa ba su da masu irin wannan sana'a.

A lura, Sisero Fulutak ya ambata. Bai ambaci Tiro ba. Za mu dawo kan wannan.

Yadda tsarin yake a littattafan da suka iso mana shi ne, kowace kalma tana da babbar alama, yawanci an samo ta daga harafinta na farko ko haruffa biyu da aka murɗe aka haɗe suka zama zane guda. Kalmar Latin kuwa wutsiyarta ke sauyawa: ita ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa, jiya ne ko gobe. Don haka sai a sa wata ƙaramar alama ta wutsiya kusa da babbar, a sama ko a ƙasa, a dama ko a hagu, ko a ratsa ta da ita. Ɗigo ɗaya ya gusa, ma'ana ta canza. Ba tsari ne da za a koya a wata guda ba, hadda ce zalla, alama bayan alama. An ruwaito cewa Tiro da ƙananan kalmomin da ke yawan maimaituwa ya fara, irin su "a", "daga", "zuwa", "kafin". Ni a ganina nan hikimar take. Wanda ya shekara da shekaru yana sauraron bakin mutum ɗaya shi zai gane cewa ba manyan kalmomi ke cinye lokacin marubuci ba, 'yan ƙananan nan ne da ke dawowa a kowane numfashi.

Akwai shaida daga bakin Sisero kansa. A shekara ta 45 ya gaya wa Atikus cewa wata wasiƙa mai wuyar sha'ani da ya aika wa malami Barro bai ba Tiro shiftarta ba, don shi Tiro ya saba ɗauke jimla sukutum komai tsawonta, sai ya ba wani mai suna Isfintarus, yana faɗa masa gaɓa-gaɓa. Jimlar Sisero kuwa takan cika rabin shafi kafin ta sauke.

Sana'ar ba ta ƙyale ko mai gidan da ta fito ba. A shekara ta 52 Sisero ya tsaya kare abokinsa Milo a shari'ar kisan kai. Sojoji sun kewaye dandalin, magoya bayan mamacin na ihu, Sisero ya kasa yin magana da ƙarfin zuciyar da aka san shi da shi, Milo ya sha kaye ya tafi gudun hijira. Daga baya Sisero ya zauna ya rubuta jawabi gangariya ya fitar. Amma wani ya riga ya ɗauke ainihin abin da ya faɗa a ranar, kuma shekara ɗari bayan haka malamai na da kwafi biyun suna gwadawa. Mu mukan ce magana zarar bunu ce. Daga wannan zamani, a Rum, bunun da aka zara akwai mai tsince shi ya adana.

'Yancin Tiro ya zo a shekara ta 53. An sa rana a watan Afrilu, sai zazzaɓi ya kwantar da shi a wani gidan gonar Sisero, shi kuma maigidan yana wani. Wasiƙu suka yi ta zuwa: ka kwantar da hankalinka, alkawarin da na yi maka zai cika a ranar da aka sa. Ya aika masa da mai dafa abinci. A ɗaya daga cikin wasiƙun ya ce amsar Tiro ta iso masa da 'yan haruffa masu rawa, hannun da ya fi kowane sauri a Rum ya kasa tsayawa saboda ciwo. Da abin ya tabbata, Kwintus ƙanen Sisero, wanda ke yaƙi ƙarƙashin Kaisar a ƙasar da yau ake kira Faransa, ya rubuto wa wansa cewa ya yi tsalle don murna, ya gode masa da ya ga Tiro ya fi ƙarfin matsayin da yake ciki, ya zaɓi ya zama abokinsu maimakon bawansu.

Sananniyar hanyar 'yanta bawa a Rum ita ce a kai shi gaban mahukunci a taɓa shi da sanda a furta cewa ɗa ne, a biya gwamnati kashi 5 cikin ɗari na kuɗinsa, ya sa wata hula ta musamman. Daga nan ya zama ɗan ƙasa, yana jefa ƙuri'a, yana mallakar dukiya, 'ya'yan da zai haifa 'ya'ya ne cikakku. Amma ba zai riƙe babban muƙami ba, kuma igiyar da ke tsakaninsa da tsohon ubangidansa ba ta tsinkewa: akwai biyayya, akwai kwanakin aiki da ya yi alkawari, har da rabo a gadonsa. Wanda ya karanta babin wala'i a fiƙihu ba zai ji abin baƙo ba. Suna ma na ubangida yake ɗauka. Daga ranar ya zama Markus Tuliyus Tiro, ya kuma ci gaba da aikin da yake yi jiya.

Ban shakkar cewa Sisero ya ƙaunaci Tiro. Wanda ya karanta wasiƙun Fatras ba zai ce na ganin ido ba ne. Amma ba na so ƙaunar nan ta rufe mana ido daga gidan da aka yi ta a ciki. Shi dai wannan Sisero, da wani yaronsa mai karanta masa littafi, Sositiyus, ya rasu, ya gaya wa Atikus cewa abin ya taɓa shi fiye da yadda ya kamata mutuwar bawa ta taɓa mutum. Yana baƙin ciki yana jin kunyar baƙin cikin. Shi ne kuma, da wani bawansa mai kula da ɗakin littattafai, Diyonisiyus, ya kwashi littattafai ya gudu a shekara ta 46, ya dinga rubuta wa gwamnonin lardin da ke hayin teku su kamo masa shi. Tiro da Diyonisiyus ɗakin littattafai ɗaya suka sani. Kuma Tiro bai taɓa manta inda yake tsaye ba. Da Sisero ya buɗe wata wasiƙa gare shi da irin gaisuwar da ake yi wa tsara, Tiro ya nuna bai so ba, don gudun bakin mutane. Sisero ya amsa cewa shi da son ransa ne ma da ya ƙara da "nawa", amma tunda haka yake so, a kauce wa hassada. Mutumin da ya riƙe asirin gidan gaba ɗaya yana tsoron a ga an gaishe shi kamar ɗa.

Tsoron na da tushe, don kujerar magatakarda kusa da wuta take. Sarki Ogustus ya sa an karya ƙafafun magatakardansa Talus saboda ya karɓi dinari 500 ya fallasa abin da ke cikin wata wasiƙa. A ɗaya gefen kuma, da mulki ya koma hannun sarki ɗaya, bayin hannu na gidansa suka wayi gari su ne gwamnati. A zamanin Kalaudiyus, wanda ya yi sarauta daga shekara ta 41 zuwa 54 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), 'yantaccen bawa Narsisus ke riƙe da wasiƙun daula, Falas ke riƙe da baitulmali, Kalistus ke karɓar koke-koke. An ce Narsisus ya tara sastar (kuɗin Rum) miliyan 400, a lokacin da albashin soja a shekara 900 ne. Dattawan majalisa na fadanci a ƙofarsu da rana suna zaginsu da dare. Da Kalaudiyus ya mutu aka tilasta wa Narsisus mutuwa, amma kafin nan sai da ya ƙone takardun asirin ubangidansa da ke hannunsa don kada su halaka wasu.

Tiro bai bi wannan hanya ba. Abin da ya samu gona ce, wadda ya saya a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan Sisero, wanda ke karatu a Atina, ya rubuto yana taya shi murna, yana cewa har yana hango shi yana sayen kayan gona, yana shawara da wakilin gona, yana ƙulle 'ya'yan itacen da aka ci bayan abinci a gefen riga don iri. A ƙarshen wasiƙar kuma ya roƙe shi ya aiko masa da bawa mai kwafe rubutu, Bagirke in da hali, don kwafe darasi na cinye masa lokaci.

Shekara guda bayan haka, ranar 7 ga Disamba, shekara ta 43, sojojin abokin gabarsa Markus Antoniyus suka tare Sisero a kusa da gidan gonarsa na Formiya suka yanka shi. Antoniyus ya sa aka kawo kansa da hannuwansa aka kafe a kan mumbarin da ya saba yin jawabi a tsakiyar Rum, don hannuwan ne suka rubuta jawaban da suka tozarta shi. Akwai wani hannun da Antoniyus bai lissafa da shi ba. Tiro ya koma gonarsa kusa da Futiyoli, a gaɓar tekun Napoli, ya shiga aiki. Ya rubuta tarihin rayuwar ubangidansa, aƙalla littafi huɗu, wanda daga cikinsa ne marubutan baya suka samo ranar mutuwar. Bai ɓoye abin kunya ba, don shi ya faɗi cewa auren da Sisero ya yi da wata yarinya mai dukiya a tsufansa don biyan bashi ne. Ya tace jawabansa, har shekara 200 bayan haka masu nahawu in sun yi gardama kan wata kalma sai su nemo kwafin da ya bi ta hannun Tiro. Ya tattara takardun da Sisero ke shirya shari'a da su. Ya rubuta nasa littattafan kan ƙa'idojin harshen Latin. Sai wasiƙu. Tun Sisero na da rai ya ce shi ba ya tara wasiƙunsa, amma Tiro na da kamar 70. Yau muna da fiye da 900, na Sisero da na masu rubuto masa, kuma masana da yawa na ganin kundin wasiƙunsa zuwa ga dangi da abokai, littafi 16, Tiro ne ya haɗa shi. Babu wani mutumin tsohuwar duniya da muka sani ciki da bai kamar Sisero, kuma wannan ne babban dalili.

Yanzu mu koma kan tambayar wa ya ƙirƙiro. Fulutak ya ba Sisero. Wani marubucin tarihi, Kasiyus Diyo, ya ba Mesenas, attajiri aminin Ogustus, ya ce shi ya ƙago alamomin, ya koyar da mutane ta hannun 'yantaccen bawansa Akila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a ƙarni na huɗu malamin Kirista Jerom ya rubuta ƙarara cewa Tiro, 'yantaccen Sisero, shi ya fara ƙago alamomin. Isidor na Sabiliya, wanda ya rasu a shekara ta 636, ya jero silsilar: Tiro, sai Bifsaniyus Filargirus, sai Akila. Sunan na tsakiyar ma ya isa shaida, sunan gidan Rumawa a gaba, sunan Girkanci irin na bayi a baya. Amma shaidar da ta fi ƙarfi daga bakin mai raini ta fito. Masanin falsafa Seneka, yana so ya nuna cewa masu hikima ba su ne ke ƙirƙiro sana'o'in hannu ba, ya kawo misali da alamomin da hannu ke bin saurin harshe da su, ya ce ai wannan ƙirƙirar mafi ƙasƙancin bayi ce, hikima kuwa mazauninta ya fi nan. Wannan magana tana ci mini rai duk lokacin da na tuna ta, ga kuma sunan Seneka shi ne wanda Isidor ya jingina wa tattara alamomin har suka kai 5,000. Sai dai rainin nasa ya yi mana amfani guda: ya tabbatar da cewa a Rum ta zamaninsa an san daga hannun su wa abin ya fito.

Daga nan sana'ar ta bazu. Filini Babba, mai rubuta littafin ilimin halittu, ko tafiya yake akwai marubucin gaggawa a gefensa, a lokacin sanyi a rufe masa hannuwa don kada aiki ya tsaya. Sarki Titus kan yi tseren rubutun da magatakardansa don nishaɗi. A garin Bahnasa na Masar an tono wata takardar yarjejeniya ta shekara ta 155 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), inda wani mai suna Fanekotis ya kai yaron bawansa Kairamon wurin malam Afoloniyus ya koyi rubutun gaggawa na Girkanci. Shekara biyu, ladan koyarwa dirhami 120 a biya sau uku: 40 a farko, 40 idan yaron ya haddace kundin alamomin duka, 40 idan ya iya rubutawa da karantawa ba kuskure. Ranakun da ya yi fashi kuma sai ya rama su a ƙarshe. A dokar ƙayyade farashi ta Sarki Diyokiletiyan, shekara ta 301, malamin yara na karɓar dinari 50 a wata kan kowane ɗalibi, malamin rubutun gaggawa 75. Malaman Kirista suka rungume ta. Orijin na Iskandariya yana da marubutan gaggawa fiye da bakwai da ke karɓar juna. Ɗaruruwan wa'azozin Agustin, limamin Hippo, wato Annaba ta Aljeriyar yau, ta wannan hanya suka tsira, haka ma muhawarar ɗaruruwan limamai da aka yi a Kartaj a shekara ta 411, wadda aka ɗauke kalma da kalma, har da gardamar da suka yi kan su marubutan.

Daular Rum ta yamma ta faɗi, alamomin ba su faɗi ba. A zamanin Sharlaman da magadansa, ƙarni na tara, gidajen ibada da ofisoshin sarakuna a Faransa da Jamus sun farfaɗo da su har suka kai wajen 13,000, ana rubuta Zabura sukutum da su, ana kiran su da sunan Tiro. Bayan ƙarni biyu ko uku aka daina koyar da su, aka wayi gari ba mai iya karantawa. Wajen shekara ta 1500 wani shugaban gidan ibada Bajamushe, Tiritemiyus, ya ci karo da Zabura irin wannan a wani ɗakin littattafai an liƙa mata suna wai da harshen Armeniya aka rubuta ta. Sai a 1817 wani Bajamushen, Kof, ya warware tsarin sosai. Shekara 20 bayan haka Fitman ya fitar da nasa tsarin a Ingila, wanda shi ne sakatarori da akawunan ofisoshinmu suka koya a zamanin Turawa da bayansa. Daga cikin dubban alamomin nan guda ɗaya ce ke aiki har yau a bainar jama'a. Kamar lamba 7 take, ma'anarta "da". Wanda ya je ƙasar Ayalan zai gan ta a allunan wurin ajiye mota da tsofaffin akwatunan gidan waya, a tsakanin kalmomi biyu na harshensu.

Jerom ya ce Tiro ya tsufa a gonarsa ta Futiyoli har ya shiga shekara ta ɗari, ya sa rasuwarsa a shekara ta 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kusan shekara 40 bayan kisan ubangidansa. Tarihin da ya rubuta ya ɓata. Littattafansa na harshe sun ɓata, sai 'yan guntaye da wasu suka tsakuro. Abin da ya rage shi ne littafi na 16, na ƙarshe a kundin wasiƙun, mai wasiƙa 27. Ɗaya ita ce ta Kwintus ranar murnar 'yanci. Sauran 26 duk zuwa ga Tiro ne, daga Sisero, daga ƙanensa, daga ɗansa. Sisero ya taɓa zolayarsa cewa ya gane take-takensa, so yake shi ma a sa wasiƙunsa a kundi. Ba a sa ko ɗaya ba. Mun san ya amsa daga Fatras, mun san ya yi gardama kan gaisuwa, mun san akwai wadda ya rubuta yana rawar zazzaɓi ana saura kwanaki a 'yanta shi, haruffan suna karkacewa. Ita ma ba ta cikin kundin.